Wuri ne ya cika ko kati ne ke mutuwa? Yadda gaskiyar kuskure ke ɓacewa kafin ta iso allon waya

A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, kwanaki kaɗan bayan an yi hakan a Zamfara. Faskari da Kankara da Sabuwa duk suna cikin jerin, kuma sai a Disamba gwamnatin Aminu Bello Masari ta fara bayar da umarnin maido da layukan. Tsawon waɗannan watanni, gari irin Yankara da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. Amma wayoyi ba su daina aiki ba. Karatuttukan malamai, fina-finai, hotunan biki da takardun makaranta sun ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu, ta Bluetooth, ta Xender, ta katin memori, ko ta kwamfutar masu turi a kasuwa.

A irin wannan yanayi akwai abu guda da ke sauyawa, wanda mai data a kullum ba ya lura da shi. Idan turi ya tsaya a tsakiya waya ta fito da saƙo, babu Google da za a tambaya. Abin da ke kan allo shi ne kaɗai bayanin da mutum yake da shi. Idan saƙon ya faɗi ainihin abin da ya faru, an tsira. Idan kuwa ya ce "an samu matsala, a sake gwadawa", to sai lalube, kuma lalube a nan yakan ƙare da goge hotunan da ba su da laifi, ko yi wa kati fomat, ko sayen sabon kati alhali tsohon lafiyarsa ƙalau.

Abin takaicin shi ne na'urar ta san abin da ya faru. Ta san shi daidai, har da lambarsa. A hanya ne maganar ke lalacewa, kuma mafi yawan lalacewar ba dole ba ce.

Kowane kuskure da lambarsa

Duk wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, a kan Linux take zaune. Linux kuwa ya gaji tsarinsa daga Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs ta Amurka a 1969. A wannan tsari, duk lokacin da wata manhaja ta nemi a buɗe fayil ko a rubuta wani abu a ma'adana aka kasa, babbar manhaja ba ta tsayawa dogon bayani. Lamba take miƙowa, kuma kowace lamba tana da gajeren suna. Lamba 2, wato ENOENT, na nufin babu fayil mai wannan suna. Lamba 13, EACCES, ba a ba da izini ba. Lamba 28, ENOSPC, wuri ya cika. Lamba 30, EROFS, ma'adanar ta koma ta karatu kawai, ba a iya rubuta komai a ciki. Lamba 27, EFBIG, fayil ɗin ya fi ƙarfin tsarin ma'adanar. Lamba 5, EIO, an yi ƙoƙarin karantawa ko rubutawa na'urar ta gaza. Mai karatu da ya taɓa ganin wata manhaja ta fito da rubutu mai ɗauke da EACCES ko ENOENT a ƙasan allo, to abin da ya gani ke nan, ɗanyensa, kafin kowa ya taɓa shi.

Da duniya duka a kan lambobi iri ɗaya take, da magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba. A wajen Windows, lamba 5 na nufin an hana izini, alhali a Linux gazawar na'ura ce. Cikar wuri da Linux ke kira 28, Windows na kiranta 112. Hatta tsakanin 'yan gida ɗaya akwai saɓani: iPhone da Mac sun gaji lambobinsu daga reshen Unix da ake kira BSD, inda lamba 35 ke nufin "a ɗan jira a sake gwadawa", lamba 11 kuma ke nufin ayyuka biyu sun sarƙe kowanne na jiran ɗaya. A Linux lambobin biyu sun yi musaya, 11 ce ta jira, 35 ce ta sarƙewa. Ke nan idan wata na'ura ta aika wa wata lamba tsurarta ba tare da fassara ba, kamar Bakatsine ne ya faɗi farashi da naira, Bamaraɗe ya ji da sefa.

Muddin fayil na cikin waya ɗaya, wannan bai dami kowa ba. Damuwar na farawa ne idan fayil ɗin yana kan wata na'ura dabam, ana isa gare shi ta netwok.

Tafintan da ke tsakiya

Uwar garken fayiloli ita ce na'urar da ke riƙe da ma'adana, ta buɗe ta ga sauran na'urori su shigo su ɗauka ko su ajiye kamar folda ce a cikinsu. Ba sai babbar kwamfutar banki ba. Kwamfutar mai turi da ya buɗe folda ga wayoyin abokan cinikinsa ta Wi-Fi uwar garke ce. Na'urar rarraba Wi-Fi mai ramin USB da aka soka wa filash ita ma uwar garke ce. Manhajoji irin su VLC da Cx File Explorer da Solid Explorer na shiga irin waɗannan foldoji, haka manhajar Files ta iPhone tun daga iOS 13 a 2019.

Ƙa'idojin sadarwa biyu ne suka mamaye wannan fage. Ta farko ita ce NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya fito da ita a 1984. Da aka zo rubuta jerin kurakuran da uwar garke za ta iya aikawa, sai aka ɗauki lambobin Unix na gidan Sun aka mai da su doka. Shi ya sa a zubi na uku na NFS, wanda aka wallafa a 1995, "suna ya yi tsawo" lamba 63 ce, "folda ba fanko ba ce" 66, "kason mai amfani ya ƙare" 69, "fayil ɗin da ake riƙe da shi ya ɓace" 70. Linux kuwa na kiran waɗannan 36 da 39 da 122 da 116. Don haka a cikin uwar garken NFS ta Linux akwai wani ɗan jadawali wanda ba shi da aiki sai wannan: ya karɓi 122, ya aika 69. Idan kuma aka kawo masa lambar da ba ta cikin jadawalin, sai ya rubuta gargaɗi a kundin na'urar, ya aika wa mai nema lamba 5, wato gazawar na'ura. Duk abin da bai gane ba, faifai ya ɗora wa laifi.

Ta biyu ita ce SMB, wadda aka faro a IBM a 1983, Microsoft ya ɗauka ya mai da ita hanyar raba fayiloli ta Windows. Ita ce mai waya ya fi haɗuwa da ita. A farkon 1992 wani ɗalibi a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da daga baya aka sa wa suna Samba, wadda ke ba na'urar Unix ko Linux damar yin magana da yaren Windows. Yawancin na'urorin Wi-Fi masu ramin USB da ƙananan akwatunan ajiya na ofis da Samba suke aiki. Ita ma tana da nata jadawalin, daga lambobin Linux zuwa dogayen lambobin Windows irin su 0xC0000022 ta hana izini da 0xC000007F ta cikar faifai.

A wannan jadawali ne abin ya fi fitowa fili. Lamba 28 ta cikar wuri, Samba na fassara ta da "faifai ya cika". Daidai ne. Lamba 122, wadda ke cewa faifai na da wuri amma kason da aka yanka wa wannan mutum ne ya ƙare, ita ma "faifai ya cika". Lamba 27, wadda ke cewa fayil ne ya yi girma da yawa, ita ma "faifai ya cika". Cututtuka uku, suna ɗaya. Kuma a wannan jadawali na uwar garken, lambar da ba a sani ba takan fita ne a matsayin "an hana izini". NFS na jingina jahilcinta ga faifai, Samba na jingina nata ga mutum.

A ɗauka wani mai turi a Yankara ya soka filash mai GB 32 a na'urar Wi-Fi ɗinsa. Irin wannan filash, kamar katin memori mai GB 32 zuwa ƙasa, da tsarin FAT32 yake zuwa daga kamfani, kuma FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai GB 4. Wani ya zo da bidiyon walima mai GB 5 zai ajiye. Turi ya yi tafiya, ya kai GB 4, ya tsaya. Linux ɗin da ke cikin na'urar ya faɗi gaskiya: 27. Samba ta mai da shi "faifai ya cika". Manhajar waya ta ce babu wuri. Mai turi ya duba ya ga saura GB 20, ya rasa gane kan lamarin, amma tunda na'ura ta ce babu wuri, sai ya shiga goge fina-finan da ya kashe data da lokaci wajen tarawa. Ya sake gwadawa, a daidai wurin ɗazu turin ya sake tsayawa. Maganin kuwa ba ya buƙatar goge komai: a raba bidiyon gida biyu, ko a kwashe kayan filash ɗin a mai da shi tsarin exFAT idan na'urar na karɓarsa. Ko da ya goge filash ɗin kaf, bidiyon ba zai shiga ba.

Uzurin da ake bayarwa

Masu rubuta Samba ba wawaye ba ne, kuma adalci ne a faɗi hujjarsu. A gefen layin da ke mai da ƙarewar kaso zuwa cikar faifai sun bar ɗan rubutu da ke cewa manhajojin Windows haka suke buƙata. Wato Windows na da lambar ƙarewar kaso, amma manhajoji da yawa ba su san yadda za su yi da ita ba, alhali kowace manhaja ta san cikar faifai. Gara a ba ta amsar da za ta sa ta tsaya ta sanar da mai aiki cewa ba a adana ba, da a ba ta amsar da za ta rikita ta. Tafinta a nan ya zaɓi kalmar da mai sauraro zai gane, ko da ba ita ce mafi daidai ba.

Akwai kuma hujjar tsaro. Wani lokaci uwar garke na ɓoye gaskiya da gangan. Shafin GitHub, alal misali, idan wanda ba shi da izini ya nemi wata ma'ajiya ta sirri, amsar 404 yake ba shi, wato babu, maimakon 403 da ke nufin akwai amma an hana. Faɗin "an hana" ma ai tona asiri ne cewa akwai abin. Wannan hujja ce mai ƙarfi.

Hujja ta uku ita ce ƙa'idar sadarwa alkawari ce tsakanin na'urori miliyoyi, ba a ƙara mata lamba yadda aka ga dama. Linux na da lambobin kuskure sama da 130, zubi na uku na NFS bai kai 30 ba. Dole wasu su haɗu a ɗaki ɗaya.

Duk an yarda. Amma waɗannan hujjoji na kare mataki ɗaya ne kawai cikin tafiyar, kuma ko a matakin ba su kare komai da komai ba. Ba su kare ɗabi'ar kiran abin da ba a sani ba da sunan wani abu da aka sani. Uwar garken da ta ci karo da kuskuren da ba ta gane ba, abin da ya dace ta ce shi ne ba ta gane ba. NFS ma tana da lambar hakan, 10006, wadda ke nufin uwar garke ta gamu da matsalar da ba ta dace da kowace lamba ba. Masu tsara ta sun yi tunani har sun ware lamba 10008 domin ma'adanar da sai na'ura ta je ta ɗauko faifai ta saka kafin a samu fayil, ma'anarta "yana nan, a ba ni lokaci". Mutanen da suka iya ware lamba domin haƙuri ba za a ce sun rasa hanyar faɗin "ban sani ba". Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda aka ce wa an hana shi izini zai ɓata yini yana sauya kalmar sirri. Wanda aka ce wa faifansa ya gaza zai je sayen wani. Wanda aka ce wa ba a sani ba aƙalla ya san bai kamata ya taɓa komai da gaggawa ba.

Mataki na ƙarshe kuwa, wato manhajar da ke cikin waya, ba shi da uzuri ko ɗaya. Ita ba ta da tsohuwar manhajar 1995 da take lallaɓawa, ba ta da ƙa'idar da ta ɗaure ta. Lamba ta iso hannunta, ko da ta ɗan raunana a hanya. Mai rubuta manhajar ne ya ga cewa tsara saƙo goma aiki ne, sai ya tara su duka a kwando ɗaya ya rubuta "Something went wrong" a kai. Wannan lalaci ne da aka yi wa ado da sunan sauƙaƙawa.

Wai lamba na rikita mutane

Masu tsara manhajoji kan ce talaka ba ya son ganin lambobi, tsoro suke ba shi. Duk wanda ya tsaya a rumfar mai POS a Faskari ko Funtuwa ya san wannan ba gaskiya ba ne. Na'urar cire kuɗi na aiki da ƙa'idar ISO 8583, wadda ita ma ke da jerin lambobin amsa. Lamba 51, kuɗin asusu bai kai ba. Lamba 55, an yi kuskuren lambar sirri. Lamba 91, bankin mai kati ko mahaɗar da ke tsakani ba ta amsawa. Yaron shago da bai gama sakandare ba ya haddace su, kuma ya san abin da zai ce wa kowa: wannan ya rage adadin, wannan ya sake dannawa a hankali, wannan ya riƙe takardar shaidarsa ya duba ko an cire masa. Lambar da kowa ya tsana ita ce 05, wadda ke cewa banki ya ƙi kawai ba tare da dalili ba, domin ita ce kwandon da ake zuba abin da ba a so a bayyana.

Mutane ba sa tsoron lamba. Abin da ke gajiyar da su shi ne saƙon da bai nuna musu ƙofa ba. Lamba kuma tana da wata fa'ida da jimla ba ta da ita: ana iya rubuta ta a takarda, a kai wa mai gyara a Funtuwa, ko a karanta wa wani ta waya ranar da netwok ya dawo, ba tare da ta sauya ba.

Wannan ya shafi batun fassara zuwa Hausa kai tsaye. Facebook ya samu Hausa a 2016, Microsoft ya taɓa fitar da fuskar Windows da Hausa, kuma ana ta ƙara manhajoji masu Hausa. Abin so ne. Sai dai mai fassara shi ne jadawali na ƙarshe a jerin, kuma ba zai iya dawo da abin da aka zubar kafin a zo kansa ba. Idan Turancin ya riga ya ce "an samu matsala", Hausar ma abin da za ta ce ke nan, sai dai da daɗin ji. Haɗarin ma ya fi haka, domin saƙon Turanci ana iya nemansa a intanet a samu dubban waɗanda suka gamu da shi, saƙon Hausa kuwa idan aka cire masa lamba ya zama maraya. Saƙon da ya dace shi ne mai bayani da Hausa a sama, lamba da gajeren sunanta a ƙasa ba a taɓa su ba: "Fayil ɗin ya fi GB 4, wannan kati ba ya ɗaukar irinsa. EFBIG 27." Matasan Arewa da ke koyon rubuta manhajar Android su ne za su yanke wannan hukunci a ayyukansu, kuma layi biyar ko shida ne kawai ke tsakanin saƙo mai amfani da marar amfani.

Akwai ma wani tarko da ya fi kama masu Hausa da Larabci. Linux na ƙayyade sunan fayil da bait 255, Windows kuma da harafi 255. Baƙin Turanci bait ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne biyu, haruffan Larabci biyu-biyu, hoton emoji huɗu. Karatun malami da aka sa wa dogon suna da Larabci mai harafi 150 zai zauna lafiya a kwamfutar Windows, ya ƙi shiga uwar garken Linux. Haka sunan da ke ɗauke da alamar tambaya ko ɗigo biyu, Linux na karɓa, Windows da katin FAT32 ba sa karɓa. Fayil ɗaya cikin ɗari ya ƙi tafiya, saƙo bai faɗi dalili ba, sai a ce fayil ɗin ne ya lalace, alhali gajarta suna kawai yake so.

Kuskuren da ya makara, da wanda bai zo ba sam

Fassara marar kyau aƙalla tana zuwa. Akwai wadda ta fi ta muni. Domin sauri, na'urar da ke aika fayil ta netwok ba ta jiran amsar uwar garke a kan kowane gutsure. Takan tara bayanan a ƙwaƙwalwarta, ta ce wa manhaja an karɓa, ta riƙa turawa a bayan fage. Idan wuri ya cika a can, labarin ba zai iso ba sai lokacin rufe fayil. Littafin jagorar Linux ya yi gargaɗi ƙarara a kan wannan, musamman game da NFS da ƙarewar kaso: manhajar da ba ta duba amsar rufe fayil ba na iya rasa bayanai ba tare da ta sani ba. Wannan ba matsalar ƙananan manhajoji kaɗai ba ce. A 2018 masu kula da PostgreSQL, ɗaya daga cikin manyan rumbunan bayanai na duniya, sun gano cewa idan Linux ya gaza rubuta wani abu a faifai yakan sanar sau ɗaya ne, tambaya ta biyu sai ya ce lafiya, ga shi bayanan ba su sauka ba. Sai da suka sauya manhajarsu ta riƙa tsayawa cak da jin kuskuren farko.

Ga mai waya, ma'anar wannan ita ce layin turi ya kai ɗari bisa ɗari ba shaida ba ce. Wanda ya zaɓi matsar da fayil maimakon kwafarsa ya ba manhaja izinin goge na asali da zarar ta yi zaton an gama. Hotunan ɗaurin aure ko takardar shaidar makaranta ba abin da za a miƙa wa zato ba ne. A kwafa, a buɗe kwafin a wancan ɓangaren a gani da ido, sannan a goge.

Katin jabu kuwa ya wuce nan. An sauya masa ƙwaƙwalwa ya riƙa cewa GB 64 ne alhali 8 ne, kuma idan ya cika ba ya cewa 28, sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa ko yana danne na baya. Babu jadawalin da zai fassara kuskuren da ba a furta ba. Manhajoji irin su H2testw a Windows da F3 a Linux na cika kati da bayanai su sake karantawa don gano ainihin girmansa, kuma mai turin da ke sayar da kati ya kamata a ce yana da ɗaya daga ciki.

Kafin masu manhajoji su gyara halinsu, mai waya na iya rarrabe cututtukan da kansa ko da saƙon bai taimaka ba. A fara da ɗaukar hoton allo, domin saƙon yakan ɓace. Sannan a gwada tura ƙaramin hoto zuwa wuri ɗaya. Idan ƙarami ya shiga babba ya ƙi, batun girma ne ko wuri, kuma tsayawa a daidai GB 4 ya isa shaida a kan FAT32. Idan wasu fayiloli na shiga ɗaya ya ƙi, a duba sunansa. Idan wata folda na karɓa wata ba ta karɓa, izini ne, kuma a tuna cewa tun daga Android 11 a 2020 akwai foldojin da waya ke hana manhajoji shiga ko da mai wayar ya yarda. Idan kuwa kati na buɗe komai amma ba ya karɓar ko da ƙaramin hoto, ko abin da aka goge ya dawo bayan an kashe waya an kunna, wannan ita ce lamba 30 ko 'yar uwarta. Kati kan kulle kansa haka idan ya kusa mutuwa, Linux ma kan mai da ma'adana ta karatu kawai idan ya ga ɓaraka a cikinta, don kada a ƙara ɓata abin da ya saura. A wannan hali shawarar "a yi fomat" da ake saurin bayarwa a bakin kasuwa ita ce mafi tsada, domin lokacin kwashe kaya ne zuwa wani wuri, tun kati na buɗewa.

Mai kula da uwar garken kuma, ko da kwamfuta ɗaya ce a shago, yana da abin da abokin cinikinsa ba shi da shi. Ainihin lambar ba ta ɓace ba, tana can a ɓangarensa. Linux na rubuta gazawar faifai a kundinsa, Samba na da nata kundin wanda ake iya ƙara masa zurfin bayani a saitinta. Jadawalin fassarar ma ba a ɓoye yake ba, tunda Samba buɗaɗɗiyar manhaja ce. Yana cikin fayil mai suna errmap_unix.c, bai fi shafi biyu ko uku ba, lambar Linux a hagu, ta Windows a dama, kuma ɗalibin da ya yi wata uku yana koyon yaren C zai iya karanta shi daga sama har ƙasa a zama ɗaya.